Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Malamin da ya tsare iyakokin daula da gina garuruwa

A shekarar 1809 wani matashi ɗan shekara 28 ya zaɓi wani tudu da ke kusa da mahaɗar kogin Rima da kogin Sakkwato, ya sa aka soma kewaye shi da ganuwa. A lokacin ƙaramin ƙauye ne kawai a wurin. Shekara 15 bayan nan, wani Bature matafiyi ya iske garin cike da jama'a, gidaje a jere bisa hanyoyi, da ƙofofi 12 da ake rufewa kullum da faɗuwar rana.

Matashin nan shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, garin kuwa Sakkwato.

An fi sanin Bello da jagorancin yaƙi da yawan littattafai, da kuma shekara 20 da ya yi yana Sarkin Musulmi. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika tattaunawa ba, wato yadda ya ɗauki kafa gari da tsara shi a matsayin babban aikin shugaba. Ya yi tunani a kan inda ya kamata a zauna, da wanda za a zaunar, da inda kasuwa da gona za su kasance.

Waɗannan tambayoyi suna nan har yau a Birnin Kebbi da Jega da Bagudo, inda gidaje ke ta cin gonaki da fadamu.

Tasowarsa a Degel

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa, kuma ita ce ta haifi ƙanensa Abubakar Atiku. Ya taso a Degel, a ƙasar Gobir, inda mahaifinsa ya zauna yana karantarwa, ɗalibai na zuwa daga nesa da kusa.

Ya yi karatu a hannun mahaifinsa da kuma baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi da tarihi, daga baya kuma ya yi rubuce-rubuce har a fannin magani.

Degel ba birni ba ce. Mazauni ne na malamai da makiyaya, babu ganuwa, babu fadar sarki. Birnin da ke da iko a yankin shi ne Alƙalawa, hedkwatar Gobir.

Da zaman Degel ya gagara saboda saɓanin da ke tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, sai aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bello yana cikin shekararsa ta 23 a lokacin. A watan Yunin shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Kafin shekarar ta ƙare kuma suka sha kashi a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka rasu.

Darasin zaman sansani

Shekarun farko na jihadi shekarun yawo ne da yunwa. Jama'a na tashi daga wannan sansani zuwa wancan da mata da yara da dabbobi, babu rumbu, babu gonar da za a jira ta nuna.

A 1805 Malam Abdullahi ya jagoranci cin Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Fodi ya fice daga garin. Daga nan jama'a suka koma Gwandu da zama. A ƙarshen wannan shekarar rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Kabawa da Buzaye ta yi musu mummunar ɓarna a Alwasa, ta kuma bi su har bakin Gwandu, wadda ba ta da ganuwa a lokacin. Da ƙyar aka kore su. Bayan haka ne aka kewaye Gwandu da ganuwa.

Ƙasar Kabi da suka shigo tana da tsohon tarihin gina birane. Tun a ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya gina Surame da katangun dutse, waɗanda kufansu ke nan har yanzu a Jihar Sakkwato. Kano da Katsina da Zariya ma duk birane ne masu ganuwa tun ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Saboda haka Bello ya tarar da al'adar gina birni a ƙasar Hausa, ya kuma ga da idonsa abin da rashin ganuwa ke jawowa.

A watan Oktoban 1808 ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa. Shekara guda bayan nan ya fara aikin Sakkwato.

Yadda aka tsara Sakkwato

Wurin da ya zaɓa yana da amfani ta fuska uku. Tudu ne, ruwan kogi ba ya hawa kansa. A ƙarƙashinsa akwai fadama mai faɗi ta noma da kiwo. Sannan yana tsakanin ƙasashen Gobir da Kabi da Zamfara, inda ake sa ran fitina za ta iya tasowa.

Shehu bai koma Sakkwato nan take ba. Ya zauna a Sifawa, sai a 1815 ya shigo garin, aka yi masa gida da masallaci a sabon ɓangaren da aka ƙara, wanda ake kira Sabon Birni. A nan ya rasu a watan Afrilun 1817, kabarinsa shi ne Hubbaren da ake ziyarta a yau.

Bayani mafi daɗewa da wani baƙo ya rubuta game da fasalin garin shi ne na Hugh Clapperton, sojan ruwan Birtaniya da ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. Ya rubuta cewa Bello ya gina sabuwar ganuwa a 1818 domin tsohuwar ta yi wa jama'a kaɗan. Ya ƙiyasta tsayinta da ƙafa 20 zuwa 30. Ya ga babbar kasuwa a tsakiyar gari, da wani babban fili a ƙofar gidan Sarkin Musulmi, da manyan masallatai biyu, ɗaya daga cikinsu Waziri Giɗaɗo na kan gininsa.

Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda gidaje suka jeru a kan hanyoyi har zuwa gindin ganuwa. Kafin ya iso Sakkwato ya biyo ta Kano, inda ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Tsofaffin biranen Hausa sukan bar irin wannan fili domin a samu abin nomawa da inda mutanen ƙauye za su fake idan abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya.

Sunayen unguwannin tsohon garin Sakkwato suna ba da labarin yadda aka raba wuri. Kanwuri ita ce kewayen fada. Giɗaɗawa ta zuriyar Waziri Giɗaɗo ce, mijin Nana Asma'u ƙanwar Bello. Marina ta masu rini ce, Maƙera ta maƙera, Takalmawa ta masu ɗinkin takalmi. Ƙofofi irin su Ƙofar Kware da Ƙofar Dundaye sun ɗauki sunan garuruwan da hanyarsu ke kaiwa, wasu kuma kamar Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo sun ɗauki sunan manyan mutane.

Hawa mulki cikin rikici

Tun a 1812 Shehu ya raba aikin tafiyar da ƙasa biyu. Ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. Da Shehu ya rasu, mutanen Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a. Malam Abdullahi, wanda ke Boɗinga a lokacin, ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya ya nufi Gwandu.

An yi 'yan shekaru da wannan sanyin dangantaka. Sai da mutanen Kalambaina suka yi wa Gwandu tawaye, Bello ya kai wa baffan nasa ɗauki, sannan suka sasanta, Malam Abdullahi ya amince da shugabancinsa.

A ƙofar gida ma wuta ta tashi. Malam Abdussalami, wanda harin da aka kai wa jama'arsa na Gimbana yana cikin abubuwan da suka haddasa jihadi tun farko, ya yi tawaye daga Kware. An yi musayar wasiƙu tsakaninsa da Bello, magana ta ƙi ƙarewa, aka ci Kware a farkon 1818. Gobirawa sun sake haɗa ƙarfi a arewa. Katsinawan da aka kora sun kafa Maraɗi. Zamfara ba ta kwanta ba, Kabawa kuma suka koma Argungu.

Wannan ne halin da sabon Sarkin Musulmi ya samu kansa: babban birni guda a tsakiya, abokan hamayya ta kusan kowane gefe, ga mayaƙa da ke komawa gonakinsu da garkensu da zarar damina ta faɗi.

Ribaɗi: garin da ke gadin iyaka

Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu a ciki dindindin. Ya samo tunanin ne daga tarihin Musulunci na farko, har ya rubuta littafi a kan falalar zaman ribaɗi da gadi. A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi an kafa Basra da Kufa a Iraƙi a matsayin garuruwan sojoji, masallaci da gidan gwamna a tsakiya, kowace ƙabila da unguwarta.

Bello ya damƙa waɗannan garuruwa a hannun 'ya'yansa da 'yan'uwansa. Ƙanensa Atiku ya riƙe Bakura ta wajen Zamfara. Ahmadu Rufa'i ya zauna a Silame yana fuskantar Kabi. Ɗansa Aliyu ya riƙe Shinaka, ɗansa Fodiyo kuma Lajinge, ta wajen Gobir. Buhari ɗan Shehu yana Tambuwal a kudu. Uku daga cikinsu, Atiku da Aliyu da Ahmadu Rufa'i, sun zama Sarkin Musulmi daga baya.

Shi kansa bai zauna a Sakkwato yana aika umarni ba. Ya yi zama a sansanin Magariya, sannan ya gina Wurno a kan tudu a gefen kwarin Rima, ya mayar da ita wurin zamansa a shekarunsa na ƙarshe.

Ribaɗi ya wuce barikin soja. A cikinsa akwai masallaci da makaranta da alƙali da kasuwa, a kewayensa kuma gonaki. Da irin waɗannan garuruwa ya jawo Fulani makiyaya su zauna wuri guda, 'ya'yansu su yi karatu. Ya ƙarfafa musu kiwon dawaki da raƙuma, waɗanda rundunarsa ke buƙata. Ya kuma rubuta wa Muhammadu Jailani, wani jagoran Buzaye, yana ba shi shawarar zaunar da mutanensa a garuruwa masu masallatai da makarantu.

Hikimar tsarin ita ce duk inda aka samu tsaro manomi zai share daji, inda aka yi noma kasuwa za ta ci, inda kasuwa ta ci kuma jama'a za su ƙaru har su iya kare kansu.

Abin da ya rubuta wa sarakuna

Bello ya bar littattafai masu yawa. Mafi shahara shi ne Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, inda ya kawo tarihin ƙasashen wannan yanki da na jihadi, da wasiƙun muhawarar da aka yi da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno.

Game da tsarin gari kuwa, wanda ya fi muhimmanci shi ne Usulus Siyasa, ɗan littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A ciki ya lissafa ayyukan da ke wuyan shugaba, ya sa kula da masu sana'a a cikinsu: manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da massaƙa. Ya nemi a rarraba su yadda kowane gari da ƙauye zai samu nasa. Ya kuma sa gina garuruwa masu ganuwa da gadoji, da gyaran hanyoyi da kasuwanni, da tanadin abinci, a cikin haƙƙoƙin da talakawa ke bin sarki.

Clapperton ya same shi mutum mai yawan tambaya game da duniya. An buga wata taswirar ƙasashe da koguna da aka zana wa Baturen a Sakkwato a cikin littafin tafiyarsa na 1826, da sunan taswirar Bello. A zuwansa na biyu ya kawo masa littafin lissafin Yuklid na Larabci a cikin kyaututtuka, ya kuma tarar da shi yana nazarinsa. Clapperton bai koma gida ba, ya rasu a kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827.

Waɗanda suka ɗauki nauyin aikin

Tarihin waɗannan garuruwa ba zai cika ba idan ba a ambaci bayi ba. Yaƙe-yaƙen zamanin sun samar da kamammu masu yawa, aka zaunar da su a rinjoji a kewayen Sakkwato da Wurno suna noma wa manya, wasu kuma aka sa su cikin ribaɗi suna aikin gini da gadi. Clapperton ya lura da yawan bayi a Sakkwato, batun hana sayar da bayi zuwa bakin teku kuma yana cikin abin da suka tattauna da Bello.

Haka nan tashin sababbin garuruwa ya zo da mutuwar wasu. Alƙalawa ta zama kufai, ba ta sake komawa matsayinta ba. Kabawa sun rasa Birnin Kebbi, kuma a 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka ci Argungu, aka kashe Sarkin Kabi Karari. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, ya kuma sake ɗaga tutar Kabi a 1849. Daga nan Argungu ba ta sake shiga hannun daular ba har zuwan Turawa.

Sakkwato a ma'aunin masana tsarin birane

Ɗaliban labarin ƙasa a makarantunmu suna haddace wasu zane-zane da masana suka yi domin bayyana yadda birane ke raba filinsu. Akasarinsu daga Amurka suka fito, kusan shekara 100 bayan Bello.

A 1925 Ernest Burgess ya duba birnin Shikago ya ce birni na faɗaɗa ne kamar zobe a cikin zobe. Cibiyar kasuwanci a tsakiya, sai masana'antu da gidajen hayar baƙi da talakawa, sai unguwannin ma'aikata, sai na masu matsakaicin hali, can waje kuma masu kuɗin da ke shigowa aiki kullum.

A 1939 Homer Hoyt ya bi kuɗin haya a biranen Amurka 142, ya ga cewa unguwanni na miƙewa ne daga tsakiya zuwa waje kamar yankan kankana, suna bin titi ko layin dogo ko bakin ruwa. A 1945 kuma Chauncy Harris da Edward Ullman suka nuna cewa babban birni yakan samu cibiyoyi da dama, kowace da abin da ke tara mutane a cikinta.

Sakkwaton Bello ta saɓa wa zanen Burgess. A nan masu mulki da malamai da attajirai ne ke tsakiya kusa da fada da masallacin Juma'a, masu ƙaramin ƙarfi da bayi kuma suna gefe ko a rinjojin bayan gari. Dalili shi ne a garin da ake tafiya da ƙafa ko a kan doki, kusanci da fada shi ne daraja da tsaro. Wannan fasali ne Gideon Sjoberg ya bayyana a 1960 a littafinsa kan biranen da suka rigayi zamanin masana'antu. Bagadaza, wadda Halifa Mansur ya gina a shekarar 762, ita ma fada da masallaci ne a tsakiyarta.

Akwai masani guda da ya yi zamani da Bello. A 1826 Johann von Thünen na Jamus ya bayyana cewa abin da ake nomawa a kewayen birni ya danganta da nisa da wahalar dako: kayan lambu da madara a kusa, hatsi a gaba, kiwo a can nesa. Wanda ya san lambunan fadamar Sakkwato, ko gonakin kewayen Kano da ake kai wa taki a kan jakuna daga cikin birni, zai gane wannan bayani ba tare da wahala ba.

Illo, Ka'oje da hanyar goro

Yankin da ake kira Ƙaramar Hukumar Bagudo a yau bai kasance ƙarƙashin Bello kai tsaye ba, domin yamma rabon Gwandu ce, kuma har gobe Bagudo na cikin masarautar Gwandu. Amma tsaron da garuruwan daular suka samar ya shafi yankin ta hanyar fatauci.

Jega, wadda Buhari ɗan Malam Abdussalami ya kafa a zamanin Bello, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Daga can fatake ke gangarawa kudu maso yamma su ƙetare kogin Neja, Illo na cikin mashigansu, su ratsa ƙasar Borgu ta garuruwa irin su Kandi da Nikki da Jugu, har su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kai tufafi da fatu da kanwa da dabbobi, su dawo da goro. A 1826 Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, mutum fiye da 1,000 suna komawa Kano daga Gwanja.

Illo tsohon gari ne. A tarihin baka na Kisra ana haɗa ta da Busa da Nikki a matsayin garuruwan 'yan'uwa. Jihadi bai ci tsakiyar Borgu ba, amma fatauci ya shiga. Wannan ya haifar da wani fasalin gari na daban, mai kai biyu: ɓangaren sarki da 'yan ƙasa, da kuma zango, inda fatake Musulmi masu jin Hausa ko Dandanci ke sauka a gidajen masu masauki, da masallacinsu da shugabansu. Har yau akwai unguwannin zango a Paraku da Kumasi da Akara.

Yarjejeniyar Birtaniya da Faransa ta watan Yunin 1898 ce ta raba Borgu biyu. Illo da Busa suka faɗo hannun Ingilishi, Nikki da Kandi suka tafi hannun Faransa. Layin da aka ja a lokacin shi ne asalin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin da ta ratsa kusa da Lolo da Tsamiya.

Gawakuke da rasuwarsa

A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye suka sake haɗa kai. Bello ya fita da kansa, aka haɗu a Gawakuke. Ya yi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda. Wannan ne babban yaƙinsa na ƙarshe.

A shekarun nan ne Alhaji Umaru Futi, malamin ɗariƙar Tijjaniyya daga Futa Toro, ya zauna a wurinsa bayan dawowa daga Makka, har ya auri 'yarsa.

Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, yana da kusan shekara 56, aka binne shi a can. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Sarakunan da suka biyo baya sun ci gaba da kafa ribaɗi, wasu daga cikinsu kuma sun fi zama a Wurno a kan Sakkwato. Garuruwan da aka kafa domin gadi, irin su Wurno da Silame da Bakura da Tambuwal, yau hedkwatocin ƙananan hukumomi ne.

Daga ganuwa zuwa bakin kwalta

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, suka zo da nasu tsarin. Sun gina unguwarsu a wajen ganuwa, dokokin zamanin Lugard kuma suka tanadi fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Baƙi daga kudu aka ware musu Sabon Gari, 'yan arewa da ba 'yan gari ba kuma Tudun Wada.

Zariya ce ta fi nuna sakamakon: Birni, Tudun Wada, Sabon Gari kusa da tashar jirgin ƙasa, unguwar Turawa, daga baya Samaru da jami'arta. Wannan ya yi kama da birni mai cibiyoyi da yawa na Harris da Ullman, sai dai a nan doka ce ta raba mutane tun farko. Farfesa Akin Mabogunje ya yi bayanin wannan zaman tsohon gari da sabo kafaɗa da kafaɗa a littafinsa na 1968 kan biranen Najeriya.

A ƙananan garuruwan kan hanya da na bakin iyaka, kwalta ce ta maye gurbin fada wajen jan jama'a. Tasha da gidan mai da shaguna da ofishin kwastam sukan jeru a bakin titi, gidaje su bi bayansu. Irin wannan gari rayuwarsa na rataye da zirga-zirga, kamar yadda aka gani lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

Ruwa ma yana da nasa hukuncin. Ambaliyar 2020 ta lalata gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta kuma shiga gidaje a garuruwan da ke bakin koguna. Bello ya ɗora Sakkwato da Wurno a kan tudu ya bar fadama ga noma da kiwo. Yau kuwa a wurare da dama ana yanka fuloti a hanyar ruwa da burtalin shanu, domin nan ne fili ya fi araha.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin amfani da filayen karkara. Akwai kuma dokar tsara birane da yankuna ta 1992. Ikon yana nan a rubuce. Abin da ya rage wa hukumomi a Bagudo da Illo da Ka'oje da sauran garuruwan da ke girma shi ne su fitar da hanya da magudanar ruwa da filin kasuwa da makaranta da maƙabarta tun kafin a aza tubali, domin da zarar an gina gida a kan hanya, rushe shi sai da diyya da shari'a da ɓacin rai.